Bai Dawo Ba Tukuna

Ƙamshin albasa da citta ne ya tarbi 'Yar Baba tun daga matattakalar bene, ta san Baba ya riga ta dawowa. Gidan nasu ɗan ƙarami ne a hawa na biyu: falo, ɗakuna biyu, sai kicin ɗin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki sai ɗaya ya matsa. Su biyu ne kawai tun rasuwar mahaifiyarta tana 'yar firamare. A lokacin ne maƙwabta suka laƙaba mata wannan suna, don kullum tana maƙale da rigarsa, sunan kuwa ya bi ta har jami'a, har kamfanin wayar da take aiki yanzu.

Baba kuku ne a kicin ɗin wani babban asibiti. Yini yake yi a tsakiyar manyan tukwane yana dafa wa marasa lafiya, amma idan ya dawo gida ba ya yarda ta ɗora tukunya a ranar aiki, wai zama gaban kwamfuta ya fi tsayuwa gajiyar da mutum. Ta leƙa ta gaishe shi. Yana sanye da farar rigar girkinsa da 'yar hularsa ta wajen aiki, yana juya miyar da ya fi yi idan sun dawo a gajiye: miyar kori ta waken cikfi, wannan waken mai kama da gurjiya da ake sayarwa a dafe cikin gwangwani. Ba nama, ba maiƙo, kafin shinkafa ta tsotse an gama.

"Uwata, je ki watsa ruwa, kafin ki fito na sauke," in ji shi. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Tana banɗaki wayarta ta yi ta ruri a kan gado, ba ta ji ba. Dogo ne ke kira.

Dogo shi ne saurayin da ke neman aurenta. Mai zanen gidaje ne, ɗan manyan mutane. Sun haɗu ranar da ya zo ofishinsu yana faɗa a kan layinsa da aka rufe, ya tafi da layi a buɗe da lambarta a ciki. Ya san Baba, ya san sana'arsa, don har ƙofar bayan kicin ɗin asibitin ya taɓa zuwa ya durƙusa ya gaishe shi. Wadda ba ta sani ba ita ce mahaifiyarsa, wadda suke kira Mami, tsohuwar shugabar makaranta ce mai son komai bisa tsari, mai yawan tambayar ɗan wane ne, jikan wane ne. Ranar da ta tambaye shi aikin uban yarinyar, ya ce a asibiti yake. Ta ce ashe likita ne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da ya ba 'Yar Baba labari suka yi dariya, suka ce a hankali za su gyara. A hankalin nan ne ya yi ta ja, har Mami ta gama shaida wa ƙawayenta cewa 'yar likita ɗanta zai aura.

Ranar kuwa Dogo ya ɗauko Mami daga gidan wata ƙawarta, hanya ta biyo da su ta layin su 'Yar Baba, bakinsa ya suɓuce ya nuna mata benen. Nan take ta ce ya tsaya. Yarinya, in ji ta, ba a gane ta ranar da ta shirya, sai ranar da ba ta san da zuwanka ba.

Baba ne ya buɗe ƙofa, da ludayi a hannu. Mami ta dube shi tun daga hula har silifas.

"Kai, masu gidan suna ciki?"

Baba ya kalli Dogo. Dogo ya sunkuyar da kai yana gyara agogonsa. Sai Baba ya yi murmushi ya matsa gefe, ya ce su shigo.

'Yar Baba ta fito tana ɗaura ɗankwali, ta yi kiciɓis da su a falo. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Mami, Mami ta amsa da fara'a tana ƙare wa ɗakin kallo. Ta yaba tsaftar gidan, ta ce ita tana son babban mutum mai sauƙin kai wanda bai damu da ƙyale-ƙyale ba. Sannan ta ce, "Ashe har kuku gare ku. Daidai ne, gidan da ba uwa. Baban naki fa, bai dawo daga asibitin ba?"

Baba yana tsaye a bakin kicin riƙe da tiren ruwa. 'Yar Baba ta kalli Dogo, ta ga shi ma ita yake kallo, idonsa cike da roƙo. Kalma ɗaya ce za ta gyara komai, idan ta ce ai ga shi nan. Ta buɗe baki, sai wata magana daban ta fito.

"Bai dawo ba tukuna, Mami."

Kofuna suka ɗan yi ƙara a kan tire. Shi ke nan. Baba ya ƙaraso ya ajiye ruwan a gaban baƙi, ya koma kicin.

Ƙarya kuwa ba ta tafiya ita kaɗai. Da Mami ta duƙa tana neman wayarta a jaka, idon 'Yar Baba ya sauka a kan hoton da ke gefen talabijin, na ranar da ta gama jami'a, Baba ya dafa kafaɗarta yana dariya. Ta miƙa hannu ta kife shi.

Mami ta ce ita ba ta cika cin abinci a gidan mutane ba, amma wannan ƙamshin ya hana ta tashi. Abincin na mutum biyu ne, Baba ya raba shi faranti uku ya kawo. Ya riƙe wa Mami kwano ta wanke hannu. Ta aike shi ya ƙaro lemun tsami, ya ƙaro. Ta ce fankar ta yi mata ƙarfi, ya rage. Ta ci tana santi, tana cewa rabonta da abincin da ya zauna mata a ciki ba nauyi tun da likita ya hana ta maiƙo, sai dai nan gaba ya ɗan rage yaji. Ya ce to, Hajiya. Dogo bai ɗaga kai daga farantinsa ba. 'Yar Baba kuwa juya cokali kawai take yi, kowace loma kamar tsakuwa.

Da za su tafi Mami ta miƙa wa Baba jakarta ya kai mata mota. Ta taga 'Yar Baba ta hango shi yana bin bayanta a hankali, gwiwarsa mai ciwo tana ɗan ja. A bakin mota ta ji muryar Mami sarai.

"Ka gaida maigidan naka, ka ce na zo ban same shi ba."

"Zai ji, Hajiya."

Da ya hawo, tana tsaye a tsakiyar falo tana jiran faɗa. Da ma ya zage ta, da ma ya ɗaga mata hannu, abin da bai taɓa yi ba. Amma ya tattara faranti kawai. Ya ga ba ta ci nata ba, ya ɗumama ya mayar gabanta, ya ce ta ci kada ta kwana da yunwa. Shi ya dafa shayi ya sha da biredi a tsaye. Da zai wuce ɗakinsa ya tsaya gefen talabijin, ya dubi hoton a kife, ya bar shi yadda ya gan shi.

Kwanakin da suka biyo baya Baba bai canja mata fuska ba. Yana tashinta da safe, yana zuba mata abinci a kula, yana tambayarta aiki. Abu biyu kawai ta lura da su. Ya daina shigowa gida da rigar girkinsa, a jaka yake naɗe ta. Kuma wata safiya yana sa takalmi ya ce mata, ba tare da ya dube ta ba, idan ta san za ta yi baƙi ta riƙa gaya masa, sai ya ɗan jinkirta a wajen aiki. Ranar a ofis sau biyu tana shiga banɗaki ta yi kuka ta wanke fuska, har abokiyar aikinta ta tambaye ta ko mura take yi.

Da yamma Dogo ya zo ɗaukarta. Tun ranar ba su haɗu ba, sai gajerun saƙonni na ya kike, lafiya lau. A mota, da danja ta tsayar da su, ya ce shi fa abin ya tsaya masa a rai, bai taɓa zaton za ta iya faɗin haka a gaban mahaifinta ba. Ta juyo ta dube shi. Ta tambaye shi wa ya fara shuka ƙaryar, wa ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da agogo ana ce wa Baba kai, wa ya cinye farantinsa tas yana kallo ana aiken tsoho. Ya ce shi tsoron Mami ya ji, ta san halinta.

"Kuma ai ni ba ubana ba ne," in ji shi.

Yana faɗa ya so ya maido maganar. Ya shiga cewa sori, ba haka yake nufi ba, amma ta riga ta buɗe ƙofa. Ta ce gaskiya ya faɗa, ubanta ne, ita ta musanta shi, kuma wannan ba abin da zai ɗauke mata ba ne. Ta tsallaka titi ta hau bas.

Abin da ba su lissafa ba shi ne Mami ta ji yarinyar ta kwanta mata a rai, miyar kuma ta fi kwanciya. Mai aikinta ta gwada ta kasa. Sai ta matsa wa Dogo ya ce a aro mata kukun nan yini ɗaya ya nuna musu. Ya yi ta hanya-hanya, ya ce kukun ba shi da lafiya, ya ce ya yi tafiya, har dabara ta ƙare masa ya kira 'Yar Baba. Tana falo ta ɗauka, ba ta san muryarsa tana kaiwa kicin ba. Da ta ajiye wayar Baba ya fito yana goge hannu.

"Ki ce musu zan je. Ranar da ba ni da aiki."

"Baba..."

"Mene ne a ciki? Girki ne, shi nake yi kullum. Idan shi zai sa ki zauna lafiya a gidan, ai ba wani abu ba ne."

Ta zube a gabansa ta riƙe ƙafarsa tana kuka kamar ranta zai fita, tana cewa ya yafe mata, ita ba 'yar kirki ba ce. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ɗago ta. Ta ce ba inda zai je. Ya koya mata, ita za ta je ta dafa, kuma da bakin da ta yi ƙaryar da shi za ta warware ta. Ya tambaye ta ko ta san abin da hakan zai iya jawowa. Ta ce ta sani.

Suka shiga kicin ɗin, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ya sa ta fara ɗora shinkafa a ɗaya murhun, ya ce ita ce agogonsu. Ta zuba ɗan mai a tukunya, ya ce ya isa, wannan miyar ba ta son iyo. Ta yanka albasa, hawayen albasa ya haɗu da nata, ya yi mata tsiya wai yau albasa ta samu mai taya ta. Da albasar ta yi laushi ta zuba dakakkiyar tafarnuwa da citta, sannan garin kori da kurkum da ɗan barkono. Ya ce ta juya su a cikin man su ɗan soyu, in ba haka ba miya ta yi gafi, amma kada ta ɗauke ido, kayan ƙamshi ba su da wuyar ƙonewa. Tumatir ya biyo baya. Ta buɗe gwangwanin wake ta tsiyaye ruwansa ta ɗauraye, ta juye a ciki, ta ƙara madarar kwakwa kaɗan da ruwa. Ya karɓi ludayin ya murƙushe wasu daga cikin waken a jikin tukunya don miyar ta yi kauri, ya mayar mata.

Suna tsaye suna jiran ta ɓararraka ne ya yi maganar, idonsa a kan tukunya.

"Uwata, da kin ce mata kukunmu ne, wallahi ba zan ji komai ba. Kuku ne ni, kuma ni nake dafa miki. Abin da ya tsaya min a rai, kin ce ban dawo ba, ga ni a tsaye. Tun ranar nake tambayar kaina, wane ne wannan uban da kike jira ya dawo?"

Ta jingina goshinta da kafaɗarsa, ya ɗan bubbuga kanta, ya ce komai ya wuce, ta watsa ɗan alayyahu a miyar kafin shinkafa ta kama. Da aka sauke ta matsa lemun tsami. Ya ɗanɗana ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan, amma mai hawan jini zai gode mata.

Ranar da ta je gidan su Dogo, daga ofis ta wuce da ledar kayan miya a hannu. Ba ta gaya masa abin da ta ƙudurta ba, ta dai ce ya kasance a gida. Mami ta yi murna, ta ce ai gara ma da ta zo da kanta. Kicin ɗin gidan ya fi falonsu girma. Mami ta ja kujera ta zauna tana kallo, tana yaba yadda take riƙe wuƙa, tana cewa 'ya'yan manya na yanzu ko ruwan zafi ba su iya dafawa ba. Kowane yabo sai 'Yar Baba ta ji kamar ana watsa mata garwashi.

Aka zuba, suka zauna su uku. Mami ta kai loma ta lumshe ido, ta ce sak irin ta rannan, lallai kukun nan ya iya koyarwa.

'Yar Baba ta sauko daga kujera ta durƙusa.

"Mami, babana ne ya koya min. Mutumin da ya buɗe miki ƙofa, ya kai miki jaka mota, shi ne mahaifina. Kuku ne a asibiti. Ƙarya na yi miki."

Cokalin Mami ya tsaya a iska. Ta ajiye shi a hankali, ta juya ga ɗanta. Dogo ya sauko shi ma ya durƙusa gefen 'Yar Baba, ya ce shi ya fara, ya san Baba tun da daɗewa, shi ya bar ta ta ɗauka likita ne.

Mami ta ƙura musu ido. Ana ganin yadda take tuno ranar ɗaya bayan ɗaya, kwanon wanke hannu, fanka, jaka. Fuskarta ta canja, ta sa hannu ta rufe bakinta.

"Na ce masa kai," ta faɗa, kamar da kanta take magana. "Na ce ya gaida maigidansa."

Sannan fushi ya zo. Ba ta ɗaga murya ba, irin na tsofaffin malamai ne, mai sanyi. Ta ce ba za ta yi musu ƙarya ba, da sun faɗa mata tun farko wataƙila ta yi ƙorafi, ta yi kwana biyu tana ɗaure fuska. Amma su zauna suna kallonta tana aiken dattijo a cikin gidansa, a gaban 'yarsa, wannan ba wanda ya taɓa yi mata irinsa. Ta ce yarinyar da ta iya musanta ubanta saboda baƙuwa, ranar da miji ya gaza me za ta yi masa? Shi kuma da ya kasa buɗe baki ya kare mutuncin surukinsa, da me zai riƙe gida? Ta ture farantin, ta ce maganar aure a ajiye ta. Ta ce wa 'Yar Baba ta tashi ta tafi.

Ta tafi. Ba ta roƙa ba, don ta san ba a zalunce ta ba. A gida ta gaya wa Baba yadda aka yi, ya ce ta yi haƙuri, abin da yake nata ba zai wuce ta ba, kuma ko ba komai yau za ta yi barci. Dogo ya zo washegari, ba wajenta ba, wajen Baba. Ya daɗe a durƙushe ya kasa haɗa ido da shi. Baba ya ce ya tashi, ya kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya yi wa mahaifiyarsa musu ko ya ɗaure mata fuska a kan wannan magana. Haka suka zauna makonni, ba zance, ba fita, sai gaisuwa a waya. Ta rame, shi ma ya rame.

Wadda ta fi su shan wuya ita ce Mami. Fushin ya huce ya bar ta da kunya. Duk sanda aka riƙe mata kwano ta wanke hannu sai ta tuna. Ranar da ta je awon jininta a asibitin da Baba yake aiki, da ta fito daga wajen likita sai ta tsaya ta tambayi wata nas ina kicin yake. Aka nuna mata ta baya, wajen da ake sauke buhuna. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu, tururi na dukan fuskarta, har ta hango shi yana duba tirukan marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. Da ya gan ta ya cire hula ya taho, ya jawo mata kujera.

Ba ta zauna ba. Ta sunkuyar da kai, macen da ɗalibai suka yi shekaru suna rawar jiki a gabanta.

"Malam, ku yafe min. Ban san da wa nake magana ba."

Ya ce ba ta yi masa laifin komai ba, wanda bai sani ba ai ba a kama shi. Ta ce a'a, ta yi tunani, ko da kukun gidan ne da gaske, bai kamata ta yi wa mai furfura irin wannan magana ba. Sannan ta tambaye shi abin da ya daɗe yana cin ta: me ya hana shi magana a ranar?

"Hajiya, da na yi magana, 'yata ce za ta zama maƙaryaciya a idonku tun ranar farko. Na ga gara ni in ɗauki jaka."

Mami ta zauna a kujerar, ta ciro hankici. Ya bar ta ta share ido, sannan ya ce yana da roƙo. Yaran nan sun yi kuskure babba, ba ya kare su. Amma tsoro ne ya sa su, ba ƙiyayya ba. Kuma shi da kansa ya ce zai zo gidanta a matsayin kuku don asiri ya rufu, yarinyar ce ta ƙi, ta zaɓi ta rasa auren da ta ci gaba da ƙaryar. Ya ce wanda ya faɗi ya tashi da ƙafarsa, a ganinsa ya fi wanda ba a taɓa gwadawa ba. Idan ta hukunta su da rabuwa, to shi aka hukunta sau biyu.

Mami ta ce ita yanzu ba ta da bakin da za ta ce masa a'a. Amma da sharaɗi: Dogo da kansa zai je ya gaya wa kawunnansa sana'ar surukinsa, ita kuma ta san yadda za ta yi da ƙawayenta.

Ba duka aka ji daɗi ba. Wani kawu ya taɓe baki, wasu ƙawayen suka samu abin zance na ɗan lokaci. Mami ta shanye, ta ce ita ta jawo da yawan tambayar ɗan wane. Aka sa rana, aka ɗaura aure.

A wajen liyafa wata dattijuwa da labarin bai kai mata ba ta riƙe hannun amarya tana sa albarka, ta tambaye ta a wane ɓangare mahaifinta yake a asibitin, don tana da ciwon ƙafa. Matan teburin suka kalli juna. Tsohon tsoron nan ya taso wa 'Yar Baba. Ta haɗiye shi.

"A kicin yake, Hajiya. Kuku ne. Ga shi can, mai farar riga, bari in kai ki ku gaisa."

Ta kama hannun matar suka ratsa taro.

Kunyar abin da ta yi ba ta taɓa barinta gaba ɗaya ba, ita ma ba ta so ta bar ta, don ita ke tuna mata. Baba kuwa bai sake tayar da maganar ba har abada. Haƙurinsa ne ya dafa dutsen, kowa ya sha romo. Ku kuma 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: sana'ar da ta ciyar da ku ba abin ɓoyewa ba ce, kuma duk soyayyar da sai kun ɓoye iyayenku za ta tsaya, ba ta riga ta tsaya ba. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wanda ya ji kunyar nuna ubansa a gaban baƙo, zai zo ya ji wadda ta fi ta, ranar da ya kasa kallon idon uban.